Shamuwa a Bayan San Blas

Ina da wani gwangwanin biskit da nake ajiye abubuwan da suka ba ni mamaki a duniya. Akwai dutse mai rami a tsakiya da na tsinta a bakin kogin Suquía, akwai haƙorin doki da ya fito a murɗe, akwai makullin da har yau ban san ƙofarsa ba. A ƙarƙashinsu duka akwai guntun jan ulu, tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba, bakinsa ɗaya ya babbake. Na Don Hipólito Karwat ne, ko in ce na matarsa Doña Leocadia, don daga hannun rigar sanyinta ya warware shi ba da saninta ba.

A lokacin ni ne direban gwaji a masana'antar jiragen sama ta nan Córdoba, shekarar da aka ce mu fara ƙera motoci ma. Karatuna aji uku ne, amma nakan ji ciwon inji ta kujerar da nake zaune kafin allurar ma'auni ta motsa.

Don Hipólito mutumin Poland ne, dogo, ƙafafu kamar sandunan rake, da tabarau a ƙarshen hanci. Ya zo mana bayan yaƙin duniya na biyu da mata ɗaya, akwati ɗaya, da wani ƙaramin sikeli na tagulla. Labarinsa kuwa duk mun haddace, don in mate, shayin ganyen da muke sha a ƙoƙo ɗaya muna miƙa wa juna, ya zagayo kansa sai ya riƙe ƙoƙon ya manta da shi, ya shiga bayani. Jirginsa na farko ya ƙone a rumfa a makon farko na yaƙi, kwana tara kafin ranar da zai tashi. Na biyu ya zana shi a Ingila, yaƙi ya ƙare aka naɗe takardun aka sa a durowa.

"Polaco, sha ka miƙo," in ji Ceballos, babban makanikinmu, mai kiransa da sunan ƙasarsu. "Ƙoƙo aka ba ka, ba lasifika ba."

Zanensa na uku ita ce motar nan. Ya sa mata suna Shamuwa, wai a garinsu tsuntsun kan yi sheƙa a kan rufin gidan ubansa. Shekarunsa hamsin da takwas, kuma bai taɓa ganin abin da ya zana ya fita ƙofar masana'anta a hannun mai shi ba. Ya taɓa ce mini ba zai yi na huɗu ba.

Mutumin jirgi ne har cikin ƙashinsa, don haka babban abokin gabansa nauyi. Noti sai ya hau sikeli. Ya huda ramuka a hannun ƙofa, ya huda a totur, ya huda a birki. Lagireto kuwa cewa ya yi ruwa kaya ne. Ya kai injin baya, ya yanka wa motar kunnuwa biyu a gefe, ya ce iska za ta shiga ta nan ta sanyaya shi, kamar a jirgi.

Ceballos ya leƙa ciki, ya sosa tumbi. "To, ina fankar?"

"Fanka kilo huɗu ce, Señor Ceballos. Allah ya riga ya yi iska, me zai sa in ɗauko tawa?"

Don ya ga inda iskar ke bi, sai ya manna wa motar guntayen jan ulu da gam, tun daga hanci har wutsiya, sun kai ɗari uku. Ni in tuƙa a filin tashin jirage, shi ya zura dogon wuyansa ta taga yana kallo. In na taka, ulun duk ya miƙe ya kwanta baya, yana nuna kunnuwan, sai ka ce garken kifi a ruwa. Abin yana burge ni ƙwarai. Amma na fi son kallon ulun in mun juyo za mu shiga rumfa a hankali, don a nan yakan sunkuyar da kai gaba ɗaya.

"Injiniya," na ce masa wata rana, "ulun nan barci yake yi in mun rage gudu."

"Ba a ƙera mota don ta tsaya, Señor Ludueña."

Ni ma sai na ga gaskiyarsa. A filin jirage ba jaki, ba amalanke, ba mai tsallaka titi.

Wanda zai sa hannu a ƙera Shamuwa ko a rufe sashenmu shi ne Comodoro Arrieta, babban hafsan sojan sama mai kula da masana'antar. Ya kira mu ofis ranar wata Alhamis a ƙarshen Janairu, takardun Don Hipólito jibge a gabansa.

"Na duba lissafinka, Injiniya, ban gane ko layi ɗaya ba. Amma ina da uwa. Ran uku ga wata tana son zuwa bikin waliyyi San Blas a ƙauyenmu, Chañar Viejo. Ku kai ta. In ta dawo tana yabo, zan sa hannu a yi ɗari biyar. In ta dawo tana mita, ka koma zanen ƙafar kujera, Ludueña kuma ya koma tuƙa motar shara."

Muna fitowa Don Hipólito ya kama hannuna yana girgizawa. Hanyar duwatsu! Iska mai sanyi, ga gangara, ga fili. Ya ce kada a cire ulun, yana so ya ga yadda zai yi a kan tudu.

Doña Remedios 'yar mitsitsiyar tsohuwa ce cikin baƙaƙen kaya, da mafici a hannu irin mai naɗewa. Mun same ta a ƙofar gida tun da sassafe. Don Hipólito ya cire hula, ya sumbaci hannunta yadda suke yi a ƙasarsu, har ta fara murmushi. Sai ya fito da ɗan littafinsa.

"Doña, kilo nawa ne nauyinki?"

"Shekara arba'in da ɗaya na yi da mijina bai taɓa tambaya ba. Kai daga zuwa?"

"Don in san gefen da za ki zauna ne."

"Zan zauna inda na ga dama, ɗan zaƙin baki. Buɗe mini ƙofa."

A hanya kam Shamuwa ba ta ba mu kunya ba. Ta haɗiye tudu kamar ba ta san da shi ba, injin na waƙa a baya, ulun a miƙe. Na yi zaton tsohuwar za ta tsorata, sai na ji tana dukan bayan kujerata da mafici.

"Taka, ɗana, taka! Ko madara ka ɗauko?"

Mun wuce motar haya, mun wuce wata babbar motar katako, Doña Remedios na ɗaga wa direbobin hannu. Don Hipólito yana ta rubutu a littafi, bakinsa har kunne.

Mun shiga Chañar Viejo ana idar da addu'ar ƙarfe sha ɗaya, rana ta riga ta buɗe wuta. Kowa da jan zarensa a wuya, yaro da babba, kamar yadda ake yi ran San Blas don maƙogwaro ya zauna lafiya har shekara. 'Yan badujala na gyara ƙahonninsu a gindin bishiya. Na tsaya a bakin coci, na zagayo zan buɗe wa Doña Remedios ƙofa.

"Ina za ni? Koma ka zauna. Bayan waliyyi za mu bi."

Ta yi mana bayani tana fifita. Comodoro yana ɗan shekara shida ƙayar kifi ta maƙale masa a wuya, har ya fara shiɗewa. Ta yi wa San Blas alkawari in yaron ya tashi, za ta bi bayan mutum-mutumin waliyyin duk shekara in an fito da shi zagaye, daga coci zuwa gicciyen kan tudu a dawo, muddin tana numfashi. Shekara arba'in da huɗu ba ta fasa ba. Bana ƙafa ta ƙi, amma Fada ya ce bi a mota ma bi ne.

Na ga jini ya bar fuskar Don Hipólito. Ya sunkuyo kunnena.

"Señor Ludueña, gudun kilomita nawa waliyyin ke yi?"

"Biyu a awa. Uku in masu ɗaukarsa sun ji ƙamshin nama."

"Yana tsayawa?"

"A ƙofar duk gidan da aka fito da tebur da fure. Na ƙirga bakwai muna shigowa."

Ya rufe littafin ya sa a aljihu.

Aka fito da San Blas a kan kafaɗun mutum takwas, da doguwar hularsa da sandarsa. Fada a gaba, sai waliyyi, sai mu, sai matan ƙauye a bayanmu, sai badujala. Na sa giya ta ɗaya, na riƙe kuloci da ƙafa. Ulun nan ɗari uku duk ya sunkuya, ko ɗaya ba ya motsi.

A tebur na farko na ji kujera ta fara gaya mini magana. A na biyu ƙauri ya shigo. Kafin na uku injin ya fara tari, wani siririn hayaƙi yana fita ta kunnen hagu.

"Bari in riƙa kashe ta in mun tsaya mana," na ce da Don Hipólito a hankali.

"In ta mutu da zafin nan ba za ta tashi ba sai bayan awa guda. In kuma ta ci gaba, minti goma ƙarfen ciki zai kama juna." Ya share gumi. "Ka ga gefen dama akwai fili. Ka wuce shi, mu zagaya ƙauyen da gudu sau biyu, mu dawo bayansa. Ba zai sani ba."

"Injiniya, ba a wuce waliyyi."

"Sau ɗaya kawai!"

Fat! Mafici ya sauka a kan hularsa.

"Ina jin ku, ba kurma ba ce ni. Wanda ya wuce San Blas a motar nan da ƙafa zai koma Córdoba. Wanda ya tsayar da ita kuma ya karya mini alkawarin shekara arba'in da huɗu, zan gaya wa ɗana da bakina. Me ke ƙonewa?"

"Iska take so, Doña," in ji Don Hipólito. Muryarsa kamar ta mai neman gafara. "Ba ta iya numfashi sai tana gudu."

Ya buɗe ƙofa muna cikin tafiya, ya taka ƙasa da dogayen ƙafafun nan, ya koma bayan mota. Ta madubi na hango shi ya cire hula yana fifita kunnen hagu iya ƙarfinsa, sannan ya ruga ya fifita na dama. Babban injiniya, wanda ya zana jirage biyu, da kwat da nakatai a tsakiyar rana. Ulu biyu ko uku suka ɗaga kai suka koma barci.

Matan da ke biye da mu suka fara raɗa. Wata mai ƙiba, da jan zare har biyu a wuya, ta matso tagar Doña Remedios.

"Comadre, ƙawata, wannan motar taki lafiya? Me ya sa ta ɗaura zaren waliyyi haka da yawa?"

Na ga tsohuwar ta dubi ulun, ta dubi wuyan matar, ta dubi Don Hipólito da ke tsalle a baya. Idonta ya yi wani ƙyalli.

"Ba ki ji tana tari ba, Eulogia? Maƙogwaro ne. Tun daga Córdoba baiwar Allah ta ɗauro zare ɗari uku ta zo neman sauƙi, ku kuwa kun tsaya kuna fifita gemunku." Ta zuro kai ta taga. "'Yan mata! Ku matso nan da mafitanku! Ke Tránsito, ba ganinki aka zo yi ba, taho!"

'Yan matan nan ƙaramarsu ta haura sittin. Suka yo kan motar su wajen arba'in, kowace da maficinta, mai fure, mai hoton kantin magani, mai gashin tsuntsu. Suka hau fifita ta ko'ina. Wata na fifita taya, wata na fifita ni. Ulun ya rikice, wannan ya yi gabas wancan ya yi yamma, hayaƙin ya rasa inda zai bi. Injin ya yi wani tari da na ji har cikin haƙorana.

Don Hipólito ya tsaya cak yana kallon ulun. Sai na ga ya mayar da hularsa, ya gyara tabarau, ya ɗaga hannu biyu sama.

"Señoras! Don girman Allah, layi biyu! Ashirin nan, ashirin can. Daga gaba zuwa baya, kamar kuna korar kaji. Ke mai shuɗin mafici, ƙasa kaɗan. Ba ni ba, kunnen!"

"Ji Bature da ba da umarni," in ji Eulogia. "Mijina ma ba ya yi mini tsawa."

"Ba tsawa ba ce, Señora, roƙo ne. Hannunki ya fi na kowa ƙarfi, ki zo gaba."

Ta zo gaba kuwa, tana hura hanci. Ya juya ga mai babbar ganga ya ce ya riƙe bugu ɗaya kada ya canja. Bum, mafitai arba'in su sauka. Bum, su sake sauka. Shi kuma yana tafe da baya da baya a bayan motar, fuskarsa ga matan, yana kaɗa hannu, yana waiwayen ulun. Mai babban ƙaho ya matso ya ce ko ya hura a ciki, aka ce ya koma wurinsa.

A bugu na goma sha wani abu, ulun gefen hagu ya fara ɗagowa. Ɗaya, sai biyar, sai layi guda. Na dama ya bi. Ba su miƙe sosai kamar a filin jirage ba, suna dai tashi suna faɗuwa tare da ganga, amma duk kunnuwan suke nunawa. Na sha ganin abin mamaki, amma ban taɓa ganin iskar da aka yi da hannu tana tafiya a layi ba sai ran nan. Har na manta ina tuƙi, saura kaɗan in taɓa dugadugan masu ɗauke da waliyyi.

Tarin ya ragu. A tebur na biyar hayaƙin ya ɗauke. A hawan tudu ya so ya dawo, Doña Remedios ta buga wa 'yan matan tsawa, ta ce wadda ta gaji ta tuna waye ya warkar mata da jika bara. Muka zagaya gicciye, muka gangaro. Ƙarfe ɗaya da rabi na tsaya a bakin coci, a bayan San Blas daidai, na murɗa makulli. Injin yana ta ƙas-ƙas kamar kasko.

Fada ya zo ya yayyafa wa motar ruwan albarka. Ya sauka a kan murfin injin ya yi cuuu, tururi ya tashi, matan suka ce amin. Ruwan da Shamuwa ta taɓa sha ke nan. Don Hipólito ya jingina da bango yana goge tabarau, ya daɗe yana gogewa. Ya ce mini hayaƙi ne ya shiga masa ido. A nan na ɓamɓare guntun ulun da ke bakin kunnen hagu na sa a aljihu.

Muna cin gasasshen ɗan akuya a inuwar inabi, Doña Remedios ta nuna shi da ƙashin haƙarƙari.

"Kai, Dogo. Zan ce wa ɗana motarka ta fi ta shugaban ƙasa. Abin da ya faru a hanya tsakanina da San Blas ne, shi kuma ba ya surutu."

Na ji kamar in tashi in yi rawa. Shi kuwa ya yi godiya, ya ci gaba da juya nama a faranti.

Ran Litinin da safe na gan shi ya nufi ofishin Comodoro da hularsa a hannu. Na sha gabansa a matakala.

"Injiniya, ina za ka? An gama magana. Ka bar shi ya sa hannu, mu gyara daga baya a ɓoye."

"In ya sa hannu yau, gobe za a fara yanka ƙarfe a kan wannan zanen."

"To, sai me? Ka manta jirginka na farko? Ka manta na biyu?"

"Ban manta ba, Señor Ludueña. Amma ba kowane mai mota ke da tsofaffi arba'in ba."

Na bi shi ciki, don in an kore shi in san da wuri. Comodoro na zaune da alƙalami a buɗe, yana fara'a. Don Hipólito ya tsaya ƙiƙam kamar soja ya faɗi komai, da hayaƙin, da hular, da Eulogia. Ya ce kuskurensa ne shi kaɗai, makaniki ya tambaye shi fanka, direba ya gaya masa ulu na barci, bai ji ba.

Comodoro ya rufe alƙalamin.

"Jiya uwata ta ce in ban sa hannu ba kada in ƙara zuwa cin abincin Lahadi. Yau kai ka ce kada in sa. Kana so in mutu da yunwa ne, Injiniya?"

"Mako uku nake so, Comodoro. Da kilo huɗu."

"Kilo huɗun me?"

"Fanka," ya ce, kamar ana cire masa haƙori.

"Mako uku. Ranar da suka cika, za a kunna motar nan a ƙofar ofishina ta yi awa biyu a tsaye a rana. In na ga tsohuwa ko ɗaya a kusa da ita, an rufe sashen."

Da muka koma rumfa muka tarar Ceballos ya ɗora wani abu a kan teburin zane, an rufe da tsumma. Fanka ce, da fambel ɗinta. Ya ce tun watan Agusta ya ƙera ta ya ɓoye a ƙarƙashin benci, yana jiran ranar da Polaco zai sauko daga sama. Don Hipólito ya ɗora ta a sikeli, ya ce kilo huɗu da gram ɗari biyu, ya dubi Ceballos kamar ya zage shi. Sannan ya rungume shi. Gram ɗari biyun a jikin kaskon tokar sigari ya fanshe su, shi ya sa duk Shamuwar da ka gani ba ta da wurin zubar da toka.

Ta yi awa biyun a tsaye, ko tari ba ta yi ba. Comodoro ya sa hannu a kan murfin injin. Ba a kai ga ɗari biyar ba, gwamnati ta canja aka tsaya a ɗari da wani abu. Amma ranar da ta farko ta fita, wani likitan dabbobi daga Río Cuarto ne ya zo ɗauka, Don Hipólito ya raka ta da ƙafa har bakin ƙofa, ya tsaya a titi har ta ɓace. Doña Leocadia na gefensa cikin rigar sanyin nan, hannu ɗaya ja, ɗaya ruwan toka, don ba ta sake samun irin ulun ba kuma ta ce ba za ta bari ya manta ba.

Motar gwajin kuwa Doña Remedios ta sa ɗanta ya ba cocin Chañar Viejo, don ɗaukar waɗanda ƙafa ta ƙi. Duk ran uku ga Fabrairu akan manna mata jan ulu, mata su yi layi biyu da mafitai. An gaya musu akwai fanka a ciki yanzu, Eulogia ta ce ita ba ta yarda da abin da ba ta gani ba. Don Hipólito ma bai ƙara yi musu gardama ba. Ni nake kai shi duk shekara har ƙarfinsa ya ƙare, ya sauka a bakin coci, ya gyara tabarau, ya shiga bayan motar yana tafiya da baya da baya, yana ce wa mai shuɗin mafici ta yi ƙasa kaɗan.